Sakan goma da sent 40: alherin ɗan Adam daga zuciya yake fitowa ko daga lissafi?

Idan mota ta kife a bakin titi ba a kiran taro kafin a ruga. Mai shayi, ɗan acaɓa, fasinjojin motar da ke biye, kowa zai sa hannu a ɗaga ƙarfe a zaro mutumin da bai taɓa gani ba. Amma a ce kowane gida a unguwa ya riƙa kawo naira 2,000 duk wata don gyaran rijiyar burtsatsen da kowa ke sha. Watan farko kuɗi za su cika, kafin wata na huɗu mai karɓa ya fara jin “ai maigidan ya fita”. Waɗanda suka ruga wurin hatsarin su ne dai masu ɓuya a ɗaka. To wanne ne ainihin halinsu?

Masana halayyar ɗan Adam da na tattalin arziki sun daɗe suna ja-in-ja a kan wannan. Wasu na cewa son kai ne ke fara zuwa, sai mutum ya tsaya ya yi tunani sannan ya danne shi ya bayar. Wasu na cewa kyautar ce ke fara zuwa, tunani ne ke biyo baya ya ce “kai, rage”. A ganina abin da ke fara zuwa wa mutum shi ne abin da ya saba, sabon kuma zaman da yake ciki ne ya koya masa. Nan hujjojin da suka taru suka nufa, kuma abin ya shafi yadda muke tafiyar da adashi, asusun unguwa da neman taimako ta waya.

A watan Satumba na 2012 mujallar Nature ta buga binciken wasu malamai uku na jami'ar Harvard, David Rand da Joshua Greene da Martin Nowak. Wasan da suka yi amfani da shi ba shi da wuya. Ana haɗa mutum huɗu da ba su san juna ba ta intanet, a ba kowa sent 40, ƙasa da rabin dala ke nan. Kowa ya zaɓi nawa zai zuba a asusun tarayya, nawa zai riƙe. Abin da ya taru sai a ninka shi biyu a raba daidai tsakanin su huɗun, da wanda ya zuba da wanda bai zuba ba. In kowa ya zuba duka, 160 ta zama 320, kowa ya tashi da 80. In mutum ɗaya ya noƙe, 120 ta zama 240, kowa ya sami 60, shi kuma ya haɗa da 40 ɗinsa ya tashi da 100. Duk sent ɗin da ka zuba rabinsa ne ke dawo maka: jama'a na cin ribar zubinka, kai kana asara. Sau ɗaya ake yi, ba wanda ya san ka, ba kuma za a sake haɗuwa ba.

A gwajin farko, da mutum 212, sun lura cewa masu yanke shawara da wuri sun fi zubawa. Sai suka ƙara gaba, suka raba mutane gida biyu ta ƙuri'a. Gida ɗaya aka ce dole su amsa cikin sakan goma, ɗaya gidan dole su bari sakan goma su wuce tukuna. Waɗanda aka sa wa agogo sun fi bayarwa. Jaridu suka ɗauka da zafi: ɗan Adam mai kyauta ne a asali, tunani ne ke ɓata shi. Labari ne mai daɗin ji, kuma irinsa ne ya fi bukatar a tsananta masa tambaya.

Shekara ba ta zagayo ba wata tawaga ƙarƙashin Gustav Tinghög ta gwada abin a Suwidin da Ostiriya da Amurka ba ta ga komai ba, ta kuma nuna inda gizo ke saƙa. Mutane da dama da aka ce su amsa cikin sakan goma sun kasa, masu binciken farko kuwa sun cire su daga lissafi. Amfanin ƙuri'a shi ne gidajen biyu su yi daidai a komai in ban da agogon. Da zarar ka tsame masu jinkiri daga gida ɗaya, abin da ya rage a hannunka zaɓaɓɓun masu saurin hannu ne, waɗanda wataƙila tun kafin su zauna sun san za su bayar.

A 2017 aka yi abin da ya dace. Ɗakunan bincike 21 a ƙasashe daban-daban suka amince da tsari guda, suka rubuta yadda za a yi lissafi tun kafin a tara bayanai don kada wani ya sauya bayan ya ga sakamako, sannan suka gwada mutum 3,596. Kusan kashi 66 cikin 100 na waɗanda aka sa wa agogo sun wuce sakan goman, a ɗaya gidan kuwa kashi 7.5 ne kawai suka karya ƙa'ida. Da aka lissafa kowa da kowa, bambancin gidajen biyu ya tsaya a 0.37 cikin 100, kuma wajen masu jinkiri ma ya karkata, wato dai babu. Da aka cire masu karya ƙa'ida sai ya koma wajen 10 cikin 100. Cirewar ce ke haifar da shi. Don adalci, Rand ya tattara gwaje-gwaje 67 a 2016 ya ce har yanzu yana ganin tasirin. Amma da wata tawaga ta sake tattara 82 a 2020, sai ta tarar abin da ya rage ya rataya ne a kan gwaje-gwaje shida da aka ce wa mutane ƙarara su bi abin da zuciyarsu ta raya musu. Wanda ka ce wa “bi zuciyarka” ai ka riga ka gaya masa amsar da kake so.

Sauri ma ba shaida ba ne cewa amsa daga zuciya ta fito. Wanda ya riga ya san abin da yake so yana amsawa da wuri, marowaci ne ko mai kyauta, mai wasu-wasi ne ke daɗewa. Ian Krajbich da Ernst Fehr da abokan aikinsu sun nuna a 2015 cewa in aka sa kyautar ta yi tsada, zaɓin rowa ne ke zama mai sauri. Tawagar Lise Vesterlund kuma ta gano cewa da yawa daga masu saurin kuskure kawai suke yi, ba su gane wasan ba. In aka tsara shi yadda ko mai son kansa zubi babba ne zai fi amfanarsa, sai masu saurin su fito kamar su ne marowatan.

Akwai kuma tsohon gwajin da ya ci karo da labarin baki ɗaya. A 1973 John Darley da Daniel Batson suka buga abin da suka yi da ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton. An tura kowane ɗalibi wani gini ya je ya gabatar da jawabi, wasunsu ma a kan misalin Basamariye nagari da ke cikin Linjila, mutumin da ya tsaya ya taimaki wanda aka bari a zube a hanya. A lungun da za su bi an ajiye mutum a zube yana tari yana nishi. Cikin waɗanda aka ce wa akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin 100 sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce wa sun makara, kashi 10 ne. Ɗalibai 40 ne kacal, don haka ba a ɗora masa gini mai nauyi, amma duk wanda ya taɓa ganin yadda ake ratse maras lafiya a tasha da safiyar Litinin ba zai yi mamaki ba.

Tunanin ma ba kullum yake kai mutum ga rowa ba. A 2019 aka buga sakamakon wani gagarumin gwaji: walat fiye da 17,000 aka miƙa wa ma'aikatan bankuna, otal-otal, gidajen waya da ofisoshi a birane 355 na ƙasashe 40, har da Gana da Kenya da Maroko, a kan cewa tsintuwa ce, ga adireshin imel na mai ita a ciki. Ma'aikacin na da kwanaki ya yi tunani. Walat maras kuɗi kashi 40 cikin 100 aka nemi masu ita, mai ɗauke da kimanin dala 13 kuwa kashi 51. A Amurka da Birtaniya da Polan, inda aka gwada da dala 94, adadin ya kai kashi 72. Yawan kuɗin ƙara gaskiya ya yi, domin mutum ba ya son ya dubi kansa ya ga ɓarawo.

Sai dai wannan son ganin kai da mutunci yana da wata fuska. Akwai wasan da za a iya kira na mai wuƙa da nama: a ba ka dala 10, ka raba yadda ka ga dama da wani da ba ka sani ba, shi ba shi da ta cewa. A 2006 Jason Dana da abokansa suka ƙara ƙofa ɗaya. Bayan mutum ya yi rabonsa sai a ce masa in yana so ya karɓi dala 9 ya tafi, ɗayan ba zai taɓa sanin an yi wasan ba. Fiye da ɗaya cikin huɗu suka zaɓi haka. Ga shi suna da ikon riƙe 10 ɗin duka, amma sun gwammace su yi asarar dala ɗaya da a ce wani ya san sun hana shi. Wani kaso na abin da muke kira kyauta kunya ce, kuma mai kunya in ya sami ƙofar baya zai bi.

To me ya tsira daga binciken 2012? Abin da Rand ɗin kansa ya koma yana faɗa daga 2014: amsar farko tana ɗauko abin da ya saba yi wa mutum amfani a rayuwarsa ta yau da kullum. Shi da Alexander Peysakhovich sun gwada wannan kai tsaye. Suka sa mutane wasan haɗin kai na kimanin minti 20. Wasu an bar su suna maimaitawa da abokin wasa ɗaya na tsawon lokaci, inda cuta ba ta biya domin za a rama. Wasu kuma ana yawan sauya musu abokin, inda cuta ke biya. Daga nan aka kai kowa wasu wasannin na sau ɗaya da baƙi. Waɗanda suka fito daga zama na farko sun fi kyauta, sun fi yarda da mutane, sun fi hukunta mai zalama. Minti 20 ke nan. A kwatanta da shekara 20 a garin da in ka ba da amana ake mayar maka, ko garin da mai cin amana ne ake yi wa kirari.

Binciken da Joseph Henrich ya jagoranta a ƙananan al'ummomi 15, wanda aka buga a 2001, ya fi komai fito da wannan fili. Wasan shi ne a ba mutum kuɗi ya yi wa wani tayin rabo. In ɗayan ya karɓa a raba haka, in ya ƙi kowa ya tashi hannu rabbana. Mutanen Machiguenga na dajin Peru, waɗanda kowane gida ke noma da farautarsa shi kaɗai, tayinsu ya tsaya wajen kashi 26 cikin 100, kuma da wuya a ƙi karɓa. Mutanen Lamalera na Indonesiya, masu farautar whale, ƙatuwar dabbar teku, a kwalekwale, aikin da ba ya yiwuwa sai da tawaga da ƙa'idar rabon nama, tayinsu ya kai wajen kashi 58. Mutanen Au da Gnau na Papuwa Niyu Gini har tayin da ya wuce rabi suna ƙi, domin a wurinsu babbar kyauta bashi ce da ke ɗaure wuya. Duk matar da ta taɓa buɗe littafin gudummawar biki ta ga an kawo mata abin da ya fi ƙarfinta ta san wannan damuwar. Makiyayan Orma na Kenya kuwa da aka kawo musu wasan asusun tarayya nan take suka ce ai harambe ne, irin karo-karon da suke yi na gina makaranta, suka zuba fiye da rabi. Kowa da abin da ya saba ya shiga ɗakin.

Malaman Musulunci sun riga masu ɗakin gwaji zuwa nan. Imam al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya bayyana hali a cikin Ihya'u Ulumiddin da cewa yanayi ne da ya kafu a rai, wanda ayyuka ke fitowa daga gare shi cikin sauƙi ba tare da bukatar tunani ba. Wanda ke bayarwa jefi-jefi, ko yake bayarwa da ƙyar, bai kai a kira shi mai kyauta ba tukuna. Maganin da ya ba marowaci shi ne ya tilasta wa kansa bayarwa, ya yi ta yi har abin ya zame masa jiki. Wato tunani da niyya su ne ke gina abin da daga baya zai riƙa fitowa ba tunani. Alƙur'ani ya ce an halarto wa rayuka rowa, a sura ta 4 aya ta 128, hadisi kuma ya ce kowane jariri a kan fiɗira ake haifarsa. Mai karatu da hankali ba zai ga karo a nan ba.

Yara ma haka suka nuna. A 2006, a birnin Leipzig na Jamus, Felix Warneken da Michael Tomasello suka riƙa yar da abin maƙale shanya a gaban yara 'yan wata 18 suna miƙa hannu kamar sun kasa ɗauka. Yara 22 cikin 24 sun taimaka, ba a roƙe su ba, ba a ba su lada ba. Amma miƙa wa wani abinsa daban, raba naka daban. Gwajin da aka yi da yara 229 a Suwizalan a 2008 ya nuna 'yan shekara uku zuwa huɗu ba sa son raba alewarsu, sai wajen shekara bakwai zuwa takwas son daidaito ke kama su, kuma tare da shi fifita 'yan ajinsu a kan baƙi ke girma. Shahararren gwajin 2007 da ya ce jarirai na fifita 'yar tsana mai taimako a kan mai hanawa bai tsaya ba da ɗakunan bincike 37 suka maimaita shi da jarirai fiye da 1,000: rabi da rabi suka zaɓa. Tausayi na zuwa da wuri, adalcin rabo kuwa koyonsa ake yi.

Inda amsar farko ta fi ƙarfi shi ne inda rai ke cikin haɗari a gaban ido. Rand ya duba bayanan mutum 51 da suka sami lambar jarumta ta Carnegie a Amurka, kusan dukansu cewa suke ba su tsaya tunani ba. Mamoudou Gassama, matashin nan ɗan Mali da ya hau bene hawa huɗu ta waje a Paris ranar 26 ga Mayu 2018 ya ceto yaro ɗan shekara huɗu, haka ya faɗa. Hotunan bidiyo 219 na faɗace-faɗace da kyamarorin titi suka ɗauka a Amsterdam da Lancaster da Cape Town sun nuna a kashi 91 cikin 100 an sami wanda ya shiga tsakani. Sai dai a riƙa tunawa, jarumai ake yi wa tambaya, ba a zuwa jin ta bakin wanda shi ma bai yi tunani ba ya ranta a na kare.

Abin da Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a ƙaramar hukumar Barikin Ladi ya yi ranar 23 ga Yuni 2018 ya fi koyar da mu. Da mahara suka afka wa yankin, ya buɗe masallacinsa da gidansa ga Kiristoci masu gudu, mutum 262 a lissafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka da ta karrama shi a 2019. Buɗe ƙofa ana iya cewa abu ne na nan take. Amma tsayawa a gaban masu makamai ya ƙi miƙa mutanen, da ci gaba da riƙe su bayan ƙura ta lafa, wannan aikin dattijo ne mai shekara sama da 80 da ya san sarai abin da zai iya biyo baya. Shekarun da ya yi yana zaune da maƙwabtansa ne suka buɗe ƙofar, sanin ya kamata ne ya tsare ta.

Masu yabon saurin zuciya kuma sukan manta cewa taron da ke rugawa ceto da taron da ke rugawa in an yi ihun ɓarawo ƙafa ɗaya suke gudu da ita. Kisan ɗalibai huɗu a Aluu ta jihar Ribas a 2012, da na mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025, duk haɗin kai ne cikin gaggawa na mutanen da ke jin suna kare nasu. Kasuwanninmu na arewa ma ba su tsira daga irin wannan ba. Amsar farko tana da kirki ga wanda ta ɗauka nata ne, ba ta da tabbas ga baƙo.

Sai a koma ga rijiyar burtsatse, domin a nan yawancin haɗin kanmu ke mutuwa. In aka maimaita wasan asusun tarayya sau goma da mutane, zubi yakan fara ne daga wajen rabi ya yi ta sauka har ya kusa ƙarewa. Urs Fischbacher da Simon Gächter da Ernst Fehr sun gano dalili a Zurik a 2001. Kimanin rabin mutane masu “in an yi zan yi” ne, kimanin kashi 30 cikin 100 ba sa zuba komai ko me wasu suka yi, kuma su masu sharaɗin ma sukan zuba ƙasa kaɗan da abin da suka ga an zuba. A ɗauka kowa na kawo kashi 90 cikin 100 na abin da ya ga an kawo a watan jiya: bayan wata shida asusun ya kusa komawa rabi, ba tare da an sami mugu ko ɗaya ba. Mutanen kirki ne ke janyewa don kada a mayar da su wawaye.

Da aka ba 'yan wasa damar cin tarar juna, ka kashe ɗaya a cire wa mai noƙewa uku, sai zubi ya hau ya zauna a sama. Amma da aka kai gwajin birane 16 a 2008, a wurare irin su Maskat da Atina tarar ba ta yi aiki ba, domin masu noƙewa sun riƙa cin tarar masu zubawa don ramuwa. Abin ya fi yawa a inda mutane ba su yarda doka na aiki ba. Hukuncin da ya fito daga hannun mutum ɗaya gaba yake haifarwa, wanda ya fito daga ƙa'idar da kowa ya amince da ita shi ke gyara. A dazukan Bale na ƙasar Habasha, binciken ƙungiyoyi 49 masu kula da daji ya nuna waɗanda suka fi yawan masu “in an yi zan yi” sun fi samun itatuwa masu tasowa, kuma hanyar ita ce sun fi ba da lokacinsu wajen sintiri. Niyya mai kyau sai da ta bi ta hanyar sa ido kafin ta zama itace.

Shari'a ba ta bar haƙƙin talaka a hannun yanayin zuciyar mai kuɗi ba. Zakka tana da nisabi, kimanin giram 85 na zinariya, tana da shekara, tana da adadi: kashi 2.5 cikin 100 na kuɗi, ɗaya cikin goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar, rabin haka in da wahalar ban ruwa, akuya ko tunkiya ɗaya cikin 40. Masu karɓa kashi takwas ne da aka lissafa a Suratut Tauba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, tsakanin muminai kuwa. Sadaka aka bar wa ƙofa a buɗe don motsin zuciya. Gayya ma da ake yi wa kallon tsantsar zumunci tana da lissafinta: kowa ya san wanda ya zo gonarsa da wanda bai zo ba, kuma ranar tasa gayyar zai gani.

Don haka mai son asusun unguwa ko na masallaci ya ɗore kada ya dogara da wa'azi da zafin taron farko. A rubuta sunayen gidajen da ke ciki. A yanka kuɗi hawa biyu ko uku gwargwadon ƙarfi, a kuma faɗi a fili waɗanda aka yafe wa, kamar gidan marayu, don kada rashin biyansu ya zama hujjar wasu. A sa ranar biya guda da ba ta motsi. A karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a bainar jama'a duk wata, domin mai sharaɗi in bai ga wasu na biya ba zai ɗauka ba sa biya. Kuɗi su zauna a asusun banki mai sa hannun mutum biyu ko uku, saƙon shiga da fita ya riƙa zuwa waya fiye da ɗaya. Tara ta fara da tunatarwa, sannan ƙaramin kuɗi, sannan hana ɗiban ruwa, kuma a rubuta ta tun ba a san wanda za ta fara faɗa wa ba. A bar hanyar dawowa ga wanda ya biya bashinsa, in ba haka ba kowane saɓani zai rage muku gida ɗaya har abada.

Adashi nasa haɗarin a wuri ɗaya yake: wanda ya riga ya kwasa ba shi da sauran abin da yake jira. Shi ya sa uwar adashi mai wayo ke sa sabon shiga a ƙarshen layi, ko ta nemi wanda zai tsaya masa. Tsawon zagaye ma abin dubawa ne. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Mutum 12 masu zubin naira 50,000 duk wata, kwasa 600,000 ke nan, amma in farashi na hawa da kashi 30 a shekara, ta mai kwasar ƙarshe ba za ta sayi abin da ya wuce na wajen 470,000 a farkon zagayen ba. Mutum shida a wata shida, ko sauya jerin kwasa a zagaye na gaba, ya fi a yi ta roƙon na ƙarshe ya yi haƙuri.

Masu damfara sun san duk wannan fiye da malaman jami'a. MMM, tsarin zubin kuɗi na damfara da ta daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a watan Disamba na 2016, ba ta kira kanta jari ba, “ba da taimako” da “karɓar taimako” ta kira zubi da kwasa. Saƙon neman kuɗin asibiti da ke yawo a WhatsApp da hoto mai tayar da hankali da “kafin gobe” shi ma agogon sakan goma ne aka sa maka. Mutumin da ke zubar da jini a gabanka ba ya jiran bincike, a ɗauke shi. Amma lambar asusun da ta zo ta waya tana iya jiran awa biyu: a nemi sunan asibitin da ɗakin da maras lafiyar yake, a sa wani da ke garin ya leƙa, a duba ko sunan da ke kan asusun ya dace da na mai neman, in da hali a biya kuɗin a wurin karɓar kuɗi na asibitin a karɓi rasit.